Injin kiɗa ko kwantirola: wanne ya kamata mai haɗa kiɗa a Yamai ya saya?

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ya iso Yamai daga Tawa bayan sallar layya, da jika ɗari uku ƙulle a cikin leda. Kuɗin gumi ne, shekara biyu yana tara su daga kiɗan da yake haɗa wa mawaƙan biki da ƴan rap na unguwarsu. Ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba ya miƙo mini salula, ya cika ta da hotunan na'urori masu fitilu ja da kore. "Yaya, wacce zan saya a cikinsu?" Na ce ya haƙura zuwa gobe, akwai baƙon da nake so ya saurara kafin mu yi maganar saye.

Baƙon wani dattijo ne makaɗin kalangu da nake ɗauka lokaci-lokaci a ɗan situdiyona da ke Bukoki. Ya zauna, ya saɓa kalangun a hammata, na kunna makirfo na ce, "Baba, bismillah." Ya buga kamar minti biyu. Kowane bugu da muryarsa: ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauko, wani bugun ma a ƙasa yake fara shi ya ja shi sama kafin ya mutu. Da ya tafi sai na ce wa yaron ya maimaita mini abin da ya ji. Ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya shiga cika guraben bugu goma sha shida da linzamin kwamfuta. Rabin awa yana fama. Abin da ya fito ya yi tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amma ba wanda zai ɗaga ƙafa ya taka masa rawa.

Daga nan ya kamata a fara lissafi. Waɗannan na'urori an ƙera su ne a Japan da Jamus da Suwidin da Amurka, da kunnen masu tekno da hip-hop. Mu kuwa da yawa daga cikin kiɗanmu, na ƙwarya ne ko na kalangu ko tinde ta Abzinawa, uku-uku yake tafiya, abin da masu rubuta kiɗa ke kira 6/8 ko 12/8, kuma gangunanmu magana suke yi. Saboda haka tambayoyi uku nake yi wa kowace na'ura kafin in dubi kyanta. Tana iya ɗaukar sautin gangarmu ta riƙe? Tana barin hannu ya buga yadda ya ga dama? In an ɗauke kuran a watan Afrilu, tana ci gaba da aiki?

Sai a fara rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Injin kiɗa yana da sauti da ƙwaƙwalwa a cikinsa, ka kunna ka haɗa da lasifika shi ke nan. Kwantirola kuwa ba ta da murya ko kaɗan. Maɓallai ne kawai da ke aika umarni zuwa kwamfuta ta wayar USB, sautin daga manhaja yake fitowa. Na sha ganin wanda ya sayo kwantirola daga waje yana neman inda zai soka lasifika a jikinta.

Injinan da suka fi suna ƴan gidan Roland ne. Kakansu TR-808 ya fito a 1980, TR-909 ya biyo baya a 1983, kuma su ne suka yaɗa tsarin maɓallai 16 a jere wanda FL Studio ma ya gada. Magajinsu TR-8S na 2018 yana kwaikwayon waɗannan tsofaffin sautuka, kowace ganga da nata abin ja sama da ƙasa, don haka a kan dandamali daɗin sarrafawa gare shi: ka janye babbar ganga, ka bar tafi, ka dawo da ita lokacin da fili ya ɗauki zafi. Ƙaninsa TR-6S na 2020 layi shida ne, wato ganga shida kowace da jerinta, yana aiki da batir AA guda huɗu ko wutar USB. A ƙarshen 2025 kamfanin ya fitar da TR-1000 mai ainihin sautin analog, wato wanda kayan lantarkin cikinsa ke haifarwa ba kwaikwayo ba, a kan kusan dalar Amurka 2,700, wato fiye da miliyan ɗaya da rabi na sefa. Ana iya sa TR-8S ya yi uku-uku, a rage gurabe daga 16 zuwa 12 a canza ma'auni. Inda yake gazawa a wurina shi ne ba ya ɗaukar sauti da kansa. Dole ka yanka bugun gangar a kwamfuta, ka zuba a katin SD, sannan ka loda masa. Kuma jera kiɗa gurbi-gurbi, kamar mai zuba ƴaƴan dara, shi ne ainihin abin da ya kayar da ƙanena a gaban kalangu. Wanda sana'arsa rap ce ko kiɗan gidan rawa zai ji daɗinsa. Sai dai ya sani sautin 808 ɗin nan yana nan cikin kwamfutarsa tuni. Haka DrumBrute Impact na kamfanin Arturia na Faransa: sautinsa mai kauri ne, kuɗinsa da sauƙi, amma ba a iya zuba masa ko bugu ɗaya na waje, don haka ban sa shi cikin lissafinmu ba.

Waɗanda suka fi dacewa da mu su ne masu ɗaukar sauti, a yanka shi, a raba wa maɓallan roba da ake bugawa da yatsu. Babbansu MPC na Akai, wanda Roger Linn ya tsara na farkonsa a 1988. MPC One+ na 2023 ya fito a kan dalar Amurka 699, kimanin jika 420 in an lissafa dala ɗaya a sefa 600, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Yana da maɓallan bugu 16 masu jin ƙarfin yatsa, da allon taɓawa na inci bakwai, kuma ana gama waƙa sukutum a cikinsa ba tare da an kunna kwamfuta ba. Abu biyu ne suka sa nake girmama shi. Na farko, ana iya kashe abin nan da ke jawo kowane bugu zuwa kan layi, ya bar kiɗan yadda hannu ya buga shi, da ɗan jinkirinsa da ɗan gaggawarsa. Ko kuma a sa shi ya daidaita a kan uku-uku maimakon huɗu-huɗu. Na biyu, akwai maɓallin da aka rubuta wa 16 Level. Ka ɗauki bugun kalangu ɗaya ka danna shi, sai ya shimfiɗa bugun nan a kan maɓallai goma sha shida, kowanne da tsayin muryarsa daga ƙasa zuwa sama. A nan yatsu ke fara yin magana. Ba zai kai hammatar Baba ba, don shi Baba a tsakiyar bugu yake lanƙwasa sauti, amma ya fi linzami nesa ba kusa ba. Hanyar da ta fi wannan ma ita ce a roƙi makaɗi ya ba da bugu takwas ko goma daban-daban, na ƙasa, na tsakiya, na sama, mai hawa, mai sauka, a ɗora kowanne a maɓallinsa.

Aibin MPC One+ a ƙasarmu a fili yake. Ba shi da batir, kuran na tafiya yana mutuwa, kuma abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan. Ba a soka masa makirfo kai tsaye, sai ta mikisa ko katin sauti. Mai batir da lasifika a jiki shi ne MPC Live II da magajinsa Live III, su kuma sun haura dalar Amurka dubu. Sannan koyonsa na cin lokaci, mako biyu na farko mutum cikin lalube yake.

SP-404MKII na Roland, na 2021, shi ne wanda na fi kai wa hannu. Dalar Amurka 499 ya fito, kusan jika 300. Yana cin batir AA shida, yana kuma karɓar wuta ta USB-C, ana soka masa makirfo ko gita kai tsaye, ƙwaƙwalwarsa giga 16. Akwai wata baiwa da yake da ita wadda duk wanda ya taɓa ɗaukar makaɗin gargajiya zai san darajarta: kullum yana riƙe da daƙiƙoƙin ƙarshe na abin da ya ratsa ta cikinsa, ko ba ka danna ɗauka ba. Makaɗanmu sun fi buga abin mamaki lokacin da suke gwada fata suna hira. Kana cewa "an fara" sai jiki ya ɗaure. Da wannan na'ura sai ka danna maɓalli ɗaya ka kamo abin da ya riga ya wuce. Rauninsa wajen tsara doguwar waƙa ne. Allonsa ƙarami, jera baiti da amshi da gada a cikinsa wahala ce, yawanci sai an ƙarasa a kwamfuta.

EP-133 K.O. II na kamfanin Teenage Engineering na Suwidin ya fito a ƙarshen 2023 a kan dalar Amurka 299, kimanin jika 180, kuma shi ne hoton farko a salular ƙanena. Kamanninsa na babbar na'urar lissafi ne, batir AAA huɗu yake ci, da makirfo da ƴar lasifika a jikinsa. Cikin minti biyar yaro zai ɗauki tafi da bugun ƙwarya ya haɗa abin rawa, kuma yana yin uku-uku. Amma ƙwaƙwalwar wanda aka fara fitarwa mega 64 ce kacal, ba ta ɗaukar dogon kiɗa, jikinsa kuma roba ce marar nauyi. Na'urar kama tunani ce kafin ya gudu. Wanda mawaƙi zai zauna a gabansa ya biya kuɗin zama yana buƙatar abin da ya fi wannan.

Ableton Move na watan Oktoba 2024 yana tsakanin waɗannan biyu: ya fito a kan dalar Amurka 449, layi huɗu, maɓallai 32, batirin da ake caji wanda kamfanin ya ce yana kai awa huɗu, makirfo da lasifika a jiki. Shi ma yana da hanyar shimfiɗa bugu ɗaya a kan muryoyi goma sha shida, kuma yana tuna abin da ka buga ko ba ka danna ɗauka ba. Sai dai an gina shi ne don aikin ya ƙare a manhajar Ableton Live, alhali a duk situdiyon da na shiga daga Yamai zuwa Maraɗi FL Studio ce ke mulki. Yayansa Push 3 na 2023 yana da maɓallan da ke bin zamewar yatsa, ka buga ka ja sauti ya lanƙwashe, abin da ya fi kusa da matsa tsarkiya ke nan a duk wanda na sani. Mai aiki ba kwamfuta a kan dalar Amurka 1,999 ya fito. Na ambace shi ne don a san akwai shi.

Digitakt II na Elektron, wanda ya fito a 2024 a kan dalar Amurka 999, wani hali ne daban. Akwatin ƙarfe ne mai layi 16. Maɓallansa ba sa jin ƙarfin yatsa, don haka ba na mai bugu da hannu ba ne; na mai haƙurin zama ne. Kowane gurbi ana iya ba shi muryarsa da ƙarfinsa, a ɗan tura shi gaba ko baya, kuma kowane layi na iya samun tsawonsa, wannan ya zaga a kan 12 wancan a kan 16 su riƙa haɗuwa suna rabuwa. Mai son ya ƙirƙiro sabon abu daga kiɗan takamba ko na duma zai samu fili a nan. Batir babu, kuma ninki biyu ne na kuɗin da ke cikin ledar ƙanena.

Maganar batir ba ƙaramar magana ba ce, kuma masu tallan na'urorin nan a intanet ba sa zama a inda muke zaune. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka, wuta takan tafi sau da yawa a yini, in ta dawo kuma wani lokaci da ƙarfi take dawowa. Na taɓa rasa abin cajin wata na'ura a irin wannan dawowar, na yi wata biyu ina jiran wani daga waje. Tun daga ranar ba na soka komai a bango sai ta regilato, haka in an tayar da gurub. Na'urar da ke cin batir AA tana da wata fa'ida a kan mai batir a ciki: AA ana samunsa a kowane shago daga Wadata har ƙauyukan Adar, ana kuma samun mai caji, shi kuwa batirin ciki zafi na rage masa kwana, ranar da ya kumbura sai an nemo irinsa. Sai ƙurar hunturu. Duk abin da ake ja sama da ƙasa yana da tsaga, ƙura na shiga ta zauna, bayan shekara ka ji yana ƙarar yashi. TR-8S irin waɗannan tsagogi sun fi goma a fuskarsa. A rufe na'ura da zane mai kauri duk lokacin da ba a aiki, a share da busasshen buroshi mai laushi, kada a bar ta a mota da rana. Masu gyaran salula a kasuwanninmu gwanaye ne, za su canza maka bakin USB da ya karye, amma allon MPC in ya fashe sai an yi odarsa.

Yanzu ga kwantirola, wadda a ganina ita ce amsar mutum bakwai cikin goma da ke yi mini wannan tambaya. In kana da kwamfutar tafi-da-gidanka da FL Studio, ka riga ka mallaki injin da ya fi duk waɗanda na lissafa ƙarfi, da batirinsa ma. Abin da ka rasa hannu ne. Akai MPK Mini MK3 na 2020 yana da maɓallan fiyano 25, na bugu takwas, abin murɗawa takwas, da ƴar sanda da ake turawa da babban yatsa don lanƙwasa sauti. Kuɗinsa wajen dalar Amurka ɗari ne. FLkey Mini na Novation, na 2022, don FL Studio aka yi shi takanas: kana sokawa ya gane jerin gangunanka da mikisa ba sai ka saita komai ba, maɓallan bugunsa 16, kuma akwai ɗan zirin da ake shafawa da yatsa sauti ya hau ko ya sauka. Tsakanin su biyun, mai FL Studio ya ɗauki FLkey, mai yawo tsakanin manhajoji ya ɗauki MPK. Wanda bugu kawai yake so, ba ruwansa da fiyano, akwai MPD218 mai manyan maɓallai 16. Maschine Mikro MK3 na Native Instruments maɓallansa sun fi duk waɗannan daɗin yatsa, amma yana zuwa da tasa manhajar da sai an yi rajista a intanet an sauke kaya masu nauyi, ga kuɗin data, ga sabon karatu.

Kafin ma a kashe ko sisi, a duba fiyanon da ke jingine a bango. Ƙasar nan ta daɗe da kiɗan lantarki. Tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogansa a gidan rediyon ƙasa, kuma har yau da wuya ka shiga situdiyo ba ka tarar da Yamaha PSR ba. Da yawa daga cikinsu suna da kafar USB a baya da aka rubuta wa To Host. Waya ɗaya irin ta firinta ce tsakaninsa da zama kwantirola, masu ƴar ƙafar lanƙwasa sauti a gefen hagu kuma sun ba ka hammatar kalangu kyauta.

Kwantirola tana da tata cutar, wato jinkiri. Ka buga, sauti ya fito bayan ƙiftawar ido, kuma wannan ɗan tsakanin ya isa ya kashe kiɗan hannu. Yawanci laifin ba nata ba ne, na katin sautin cikin kwamfuta ne. Maganinsa katin sauti na waje mai direban ASIO, wato ƴar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba tare da jinkiri sosai ba, a rage ma'ajin sauti zuwa 128 ko 256 a cikin saitin manhaja. Katin nan dai shi ne zai karɓi makirfon da za ka ɗauki ganga da murya, don haka kuɗinsa ba asara ba ne. Ita ma tsohuwar kwamfuta in ta yi zafi takan fara kakarewa, a ɗaga ta daga kan tebur iska ta ratsa ƙarƙashinta.

Yawancin kayan nan ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa ko Dubai suke zuwa, ko ta ƴan kasuwar Kano da Kwatano, kuma da dama na hannu ne. Mai sayen na hannu ya buga kowane maɓalli a hankali sannan da ƙarfi, ya murɗa kowane abin murɗawa har ƙarshe yana saurare, ya girgiza wayar USB a bakinta ya ga ko tana yankewa. In na'urar mai tafiya da manhaja ce, kamar Maschine, ya tabbatar mai ita na farko ya cire lambarta daga asusunsa, in ba haka ba ya sayi rabin kaya.

Da a ce yau ni ne mai jika ɗari biyar kuma ba ni da kwamfutar kirki, MPC One+ zan saya in haɗa shi da ƙaramin batirin ajiyar wuta. Da aikina yawon ɗaukar makaɗa ne a ƙauyuka, ko raka mawaƙi filin biki, SP-404MKII ba tare da dogon tunani ba. TR-8S na bar wa mai hawa dandamali da kiɗan rawa na zamani.

Shi ƙanena kwamfutarsa lafiyarta lau, FL Studio kuma ya san ta kamar yunwar cikinsa. Muka zauna da takarda muka raba jika ɗari ukun: FLkey Mini, katin sauti mai kafa biyu, makirfo ɗaya mai jure bugu, sabon batirin kwamfuta, regilato. Ya ɗan yi shiru, don ransa na kan mai fitilun nan. Na ce ya ware jika ashirin daga abin da ya rage. "Na mene ne, Yaya?" Na ce na makaɗan da zai ɗauka ne, don bugun da za su ba shi zai yi shekaru yana ci da shi, kuma ya gaya musu gaskiyar abin da zai yi da sautin kafin ya kunna makirfo.

Kayan sun iso bayan mako biyar. Kafin ya hau motar Tawa muka sake kiran Baba, ya ba mu bugu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, muka ɗora su a kan maɓallai. Yaron ya kashe abin daidaita bugu ya fara da yatsu biyu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya miƙa hannu ya nuna maɓalli na uku ya ce, "Ɗana, wannan kake saurin bugawa. Jira shi kaɗan."